An Cire Maka Kashi 5, Amma Ba Ka Gama da Haraji Ba

Tambaya: Barista, ni injiniya ne mai zaman kaina, ina zana wa kamfanoni tsarin gini ina duba musu aiki. Duk wanda ya biya ni sai ya cire kashi 5 cikin 100 ya ce na haraji ne. Yanzu hukumar haraji ta jiharmu ta aiko mini da takarda wai ana bina bashi, kuma wani kamfani ya ƙi ba ni rasit na abin da ya cire. Zan iya maka su duka a kotu?

Amsa: Injiniya, ban ga takardar da aka aiko maka ba, ban ga yarjejeniyarka da kamfanin ba, saboda haka ka ɗauki wannan a matsayin bayani na gaba ɗaya. Amma bisa abin da ka rubuto, akwai fahimtar da sai mun gyara kafin a yi maganar kotu.

Kashi 5 ɗin nan da ake yanke maka ba shi ne harajinka ba. Kafin alƙalami ne. Doka ta ɗora wa wanda ya biya ka nauyin ya riƙe shi ya miƙa wa hukuma da sunanka, sannan a ƙarshen shekara a lissafa ainihin abin da ke kanka a debe wanda aka riga aka riƙe. Ko da ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, wannan bai mai da kai kamfani ba. A idon doka kai mutum ne mai sana'a, harajinka na jihar da kake zaune ne, kuma kai za ka kai bayanin kuɗin shigarka kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara. Idan ba ka taɓa kaiwa ba, hukuma tana da ikon ta yi maka ƙiyasi da kanta. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan.

Bari in buga misali da sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. A ce ka samu naira miliyan 12 a shekara, ka kashe miliyan 3 a kan aiki, ribarka miliyan 9. Naira 800,000 na farko babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, ragowar miliyan 6 kashi 18. Jimla miliyan 1.41, kafin a duba rangwame irin na kuɗin hayar gida. Abin da aka yanke maka kuwa naira 600,000 ne. Ka ga akwai saura. Idan bashin na shekarun baya ne, da tsohuwar doka za a lissafa, kuma adadin zai bambanta.

Inda kake da ƙarfi shi ne kuɗin da ka kashe. Ana cire abin da aka kashe kacokan domin sana'ar: hayar ofis, kuɗin sabunta lasisin COREN (hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi), manhajar zane, man da ka sha zuwa wurin aiki, ladan yaron da ke riƙe maka ma'auni. Kwamfuta da mota da na'urar awo ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekara guda, ana rarraba shi ne a kan shekaru. Motar da ke kai ka wurin gini da safe ta ɗauko yara daga Islamiyya da yamma, rabon aiki kaɗai za a amince maka. Na sha ganin mutum ya zo ofis da leda cike da rasit na gidan mai, rabinsu rana ta cinye rubutun, kuɗin cefane da na kwangila duk a asusu ɗaya. Jami'in haraji ba zai zauna ya tsince maka ba. Ka buɗe asusun aiki daban, ka riƙa ɗaukar hoton kowane rasit ranar da aka ba ka, ka adana takardu aƙalla shekara 6.

Shi kuwa kamfanin da ya riƙe kuɗinka ya hana ka shaida, gaskiya bai kyauta ba, kuma ba alfarma kake roƙo ba. Ƙa'idojin 2024 kan irin wannan cire haraji sun wajabta masa ya ba ka rasit, kuma a fahimtata da wannan rasit za ka iya neman a lissafa maka kuɗin ko da bai miƙa ba, bashin ya koma wuyansa. Duk da haka ba zan ce ka garzaya kotu ba. Kuɗin lauya zai iya fin abin da kake nema, ga ɓata shekaru, ga rasa mai ba ka aiki. Ka rubuta musu wasiƙa mai ɗauke da kwanan wata, adadin da aka cire da lambar TIN ɗinka (lambar shaidar mai biyan haraji), ka ba su mako biyu. Galibi da akantansu ya ji za a sanar da hukumar haraji, rasit yakan fito.

Abin da ya fi gaggawa shi ne takardar hukumar. Yawanci kwana 30 gare ka daga ranar da ta iso hannunka ka rubuta ƙin amincewa tare da dalilai, in ka bari ya wuce ƙiyasin na iya zama tabbatacce. Ka duba kwanan watan yau ɗin nan, ka nemi akanta ya haɗa maka lissafin shekarun, ka je a zauna a daidaita, har ka nemi biya kaɗan-kaɗan in akwai saura. Sai zaman ya ci tura ne za mu yi maganar kotun sauraron ƙararrakin haraji.