Tambaya da Amsa: Rini, Sulke da Lifidi a Wasannin Bidiyo

Wasiƙun wannan fitowa sun haɗu a kan wasannin bidiyo na almara, masu barade da dodanni, waɗanda suka ari suturarsu daga Turai ta tsakanin shekara ta 500 zuwa 1500. Masu karatu na son sanin ina gaskiya ta tsaya a wannan sutura.

Tambaya daga Nasiru, Ali Ɗan Sofo: A yawancin gem ɗin da muke bugawa, talakawa duk suna sanye da tsumma mai launin ƙasa ko toka. Abokina ya ce a lokacin ba rini sai a gidan sarauta. Haka ne?

Malam Nasiru, abokinka ya yi kuskure. Mutanen wancan zamani suna son launi kamar yadda matanmu ke son atamfa, kuma zanen da suka bari a littattafai da bangon coci ya nuna manoma cikin shuɗi da ja da rawaya. Tsiro uku ne ginshiƙin rininsu. Shuɗi daga ganyen wod yake fitowa, kuma sinadarin da ke cikinsa shi ne dai na baba, tsiron da muke rini da shi, sai dai bai kai baba ƙarfi ba. Ja daga saiwar madda, rawaya daga wani tsiro mai suna weld. Kore kuwa rini biyu ne: a tsoma cikin shuɗi, ya bushe, a mayar cikin rawaya.

Wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi ya san yadda shuɗi ke samuwa. Ana daka ganyen, a dunƙule, a shanya, sannan a zuba a rami da ruwan toka a bar shi kwanaki har ya nuna. Zanen da aka tsamo yana fitowa kore-kore, sai iska ta buge shi yake juyewa shuɗi a gaban idonka. Tsomi ɗaya shuɗi ne mai haske, tsomi da yawa shi ke kawo mai duhu. To a nan bambancin talaka da mai kuɗi yake, a Turai da nan duka: kowane tsomi kuɗi ne. Manomi yana samun shuɗi mai haske ko jan da ya yi kama da bulo, wanda rana da wanki suka kwashe masa ƙarfi. Attajiri yana samun mai zurfi, wanda ya kama ko'ina daidai.

Ja da rawaya ba sa kama zare da kansu, sai an fara jiƙa shi da alif, irin wanda ake jefawa a ruwa don laka ta kwanta. In aka yi rowar alif, rinin ya zube a wankin farko. Darajar alif ta kai har gano ma'adininsa a Tolfa kusa da Rum, wajen 1460, ya zama babbar hanyar kuɗi ga Fafaroma. Ulu na shan rini sosai, lilin kuwa yana ƙi, shi ya sa rigar ciki kan zama fara, ta sama mai launi.

Launukan da suka fi ƙarfin talaka su ne ja wur na ƙwaron kermes, da shunayya ta katantanwar teku, da kuma, abin da zai ba ka mamaki, baƙi ƙirin. Baƙin kirki yana buƙatar rini a kan rini. Mai arha da ruwan ƙarfe ake yinsa, dangin wanda dukawanmu ke haɗawa da bagaruwa, kuma yana cin zare ya koɗe zuwa launin ƙasa. Don haka ɓarawon gem da ke yawo cikin baƙi daga kai har ƙafa ya fi bafaden sarki tsadar kaya. Shunayya mai walƙiya da ake liƙa wa kowane boka kuwa, rinin masana'anta ne, wanda William Perkin ya fara samarwa a Ingila a 1856. Wasan The Witcher 3 na 2015 ya kyauta a nan, domin ya bar mutanen kasuwa da launinsu.

Tambaya daga Mahamadu Sani, Tibiri: Na ji an ce baraden Turai sai an ɗaga su da igiya ake ɗora su kan doki saboda nauyin ƙarfe. A gem kuma sai ka ga mai sulke yana tsalle yana birgima. Wanne ne gaskiya?

Maganar igiya ƙirƙira ce ta baya-bayan nan. Cikakken kayan ƙarfe na yaƙi, wanda ya kammala siffarsa wajen 1420, nauyinsa kilo 20 zuwa 25 ne, wato rabin buhun siminti ko ƙasa da haka. Kuma ba a kai ake ɗaukarsa ba, a rarrabe yake a jiki. Mai shi yana hawa doki da kansa, yana gudu, in ya faɗi ya tashi. Kayan da suka fi wannan nauyi na wasan sukuwa da mashi ne, ba a zuwa fagen fama da su.

Abin da gem ke ɓoyewa shi ne gajiya da zafi. A 2011 masu bincike a Jami'ar Leeds sun sa mutane tafiya cikin irin waɗannan kaya, suka ga ƙarfin da jiki ke kashewa ya kai kusan ninki biyu. Dalili shi ne ƙarfen ƙafa, wanda ake ɗagawa a kowane taku, da farantin ƙirji da ke takura numfashi. Ga kwalkwali mai rufe fuska, ta siririyar kafa kake gani, numfashinka kake sake shaƙa. Birgima ɗaya mai yiwuwa ce, ashirin a jere ba mai yi.

Sai maganar da ta fi kowace muhimmanci, Malam Sani: ba a sa ƙarfe a kan fata. Kayan yaƙi hawa-hawa ne. Farko rigar lilin mai shan gumi. A kanta riga mai cushe ko mai ninki da yawa, 'yar'uwar lifidinmu. Sannan sulke, sannan faranti. Sulke zobba ne dubbai, kowane ɗaya ya ratsa huɗu, an haɗe bakinsa da 'yar ƙusa. Riga guda kan kai kilo 10 ko fiye, ana ɗaure ta da ɗamara don ƙugu ya rage wa kafaɗa kaya. Aikinsa hana kaifi yanka. Bugu kuwa yana wucewa ta cikinsa, kulki zai karya haƙarƙari ba tare da zobe ɗaya ya tsinke ba, shi ya sa cushen ƙasa ya zama dole. Sulken da ake sayarwa na ado, wanda aka lanƙwasa waya kawai baki ya taɓa baki, tsini na shiga zai buɗe.

Faranti daga ƙafa ake fara ɗaura shi a yi sama, da igiyoyin da ke jikin rigar ciki, kuma sai da mataimaki. Hammata da gwiwar hannu da matsematsi, inda faranti ba ya rufewa, nan ake ɗinka guntun sulke, nan kuma abokin gaba ke nema da tsinin takobi ko wuƙa. Sara a kan farantin ƙirji ɓata kaifi ne kawai. Wasan Kingdom Come: Deliverance na 2018, wanda aka gina kan ƙasar Bohemiya ta 1403, ya bi wannan tsari na hawa-hawa, har kaya na yin datti suna lalacewa.

Tambaya daga Hadiza, Zariya: Me ya sa kayan yaƙin mata a gem ke barin ciki da cinya a waje, ga ƙirji an ƙera shi da siffar jiki? Kuma ƙahonin nan na kan kwalkwali fa?

Malama Hadiza, wannan ba ya da alaƙa da tarihi, talla ce, kuma abin takaici ne. Ciki da cinya suna cikin wuraren da rauni ke kashewa. Farantin ƙirji na gaske kumburarre ne, sau da yawa da tudu a tsakiya, don tsini ya zame gefe. In aka yi masa kwari a tsakiya, an gina wa mashi hanya zuwa ƙashin ƙirji ke nan. Tunda akwai cushe a ƙasa, siffar jiki ba ta fitowa ko kaɗan. Jan Dak ta Faransa, da ta jagoranci mayaƙa a 1429, kayan ƙarfe irin na kowane barde aka ƙera mata daidai jikinta.

Ƙaho kuma, kamar na kwalkwalin da ya yi suna a wasan Skyrim, ba a samu ko ɗaya a kayan yaƙin Baikin, mayaƙan arewacin Turai na da, ba. Kwalkwalinsu da aka tono a Gjermundbu ta ƙasar Nowe a 1943 sumul yake, da kariyar ido kamar tabarau. Masu ɗinka kayan wasan dandali a Jamus ne suka yaɗa ƙahon a shekarun 1870. A fagen fama ƙaho mariƙi ne ga maƙiyi, kuma yana tare saran da ya kamata ya zame, ya murɗe wuya. Haka ƙusoshin kafaɗa: ɗaga hannu ka ji su a kunnenka.

Akwai kuma rigar fata mai ƙusoshi da kusan kowane gem ke ba sabon ɗan wasa. Kuskuren kallo ne. Kawunan ƙusoshin da ake gani a tsoffin zane suna riƙe da faranta na ƙarfe ne a cikin rigar. An tono irinsu a kaburburan yaƙin Bisbi na 1361 a tsibirin Gotland. Ƙusa ba faranti ba ta kare komai.

Tambaya daga Laminu, Madarumfa: Ana iya zare takobi daga gadon baya?

Gwada da sanda mai tsawon mita ɗaya, za ka ga hannunka ya ƙare kafin ta fita daga kube. A Turai a ƙugu ake rataye shi, a nan kuma da hamila a kafaɗa, ya sauka ƙarƙashin hammata. Takobin hannu ɗaya bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, na hannu biyu mafi girma wajen kilo uku. Waɗancan masu faɗin ƙyaure na almara ne zalla.

Tambaya daga Ibrahim, ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: Ni da abokaina muna zana jarumin gem ɗan ƙasar Katsina. Wace sutura za mu ba shi don kada ya zama Bature mai baƙar fata?

Madalla da wannan niyya, ƙanenmu. Fara da zaɓar zamani, domin shi ke yanke sauran. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke. Ke nan barden ƙarni na 15 yana da hujjar sa su. In kuwa barden Maraɗi kuke so, kun shigo ƙarni na 19, bayan Birnin Katsina ya faɗi a 1807 sarautar ta koma arewa, zuwa Maraɗi. A nan kuna iya ƙara alharini ja da mulufi da fatake ke kawowa ta Sahara, har da bindiga jefi-jefi.

Ku bi tsarin hawa-hawa. Wando da taguwa na saƙi, kuma a zanen ku nuna layin ɗinki, domin masaƙarmu siririn ƙyalle take fitarwa, a jera a haɗa. Sulke a kai, amma na manya kaɗai, don mafi yawansa daga Masar da arewacin Afirka ake sayo shi, ana gadonsa. Riga a kan sulken, saboda ƙarfe tsirara a ranar Maraɗi ƙuna ne. Lifidi ga doki da mahayi, cushe da auduga ko audugar rimi, an ɗinke shi gida-gida don kada cushen ya zube ƙasa ya taru. Ku duba dawakin fada ranar hawan Sallah: lifidi ba launi ɗaya ba ne, guntaye ne ja da rawaya da shuɗi da fari. Kwalkwali da gashin jimina, garkuwar fata babba, layu a damtse, rawani ɗan Kura mai ƙyalli. Ƙyallin nan na bugu ne, ba na siliki ba, kuma yana barin shuni a goshi da wuya. Ku sa wannan shunin a fuskar jaruminku. Kayan fata ku ba su jan karan dafi da baƙi da rawaya da tsanwa.

Kada kowa ya zama ɗan lifida. Yawancin runduna dakaru ne da 'yan baka, da warki da 'yar shara da kwari a rataye. A dokokin wasan ma ku bi gaskiya: lifidi ya tare kibiya, amma ya rage wa doki gudu ya gajiyar da shi da wuri, audugar rimi ta kama wuta nan take, mahayin da ya faɗo ya sha wuya kafin ya miƙe. A Tafkin Kwatto a 1804 rundunar Gobir ce ke da 'yan lifida, amma 'yan bakan Shehu Ɗan Fodiyo suka rinjaye ta, don haka maharbin wasanku ya samu hanyar kayar da barde in ya ja shi cikin sarƙaƙiya ko bakin fadama.