Amsa ga 'yar uwar da maigidanta yake son maye gurbin magungunansa da man CBD

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce maigidanki tsohon sojan Amurka ne, ya je Iraƙi ya dawo da ciwon baya da firgici, likita ya ɗora shi a kan sertraline na damuwa da gabapentin na ciwon jijiya, ga kuma clonazepam mai kwantar da hankali na dare. Yanzu ya gaji da su, abokansa 'yan mazan jiya sun ce ya watsar ya koma shan man CBD da ake tatsowa daga tsiron wiwi, ke kuma kina tambaya ko ki goyi bayansa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a wani asibiti a nan Amurka, tsofaffin sojoji da yawa sun bi ta hannuna, kuma ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya yi Afghanistan. Amsata ita ce kada ya ajiye ko ƙwaya ɗaya da kansa. Shi CBD ana iya zama da likita a duba ko za a ƙara masa shi, amma ba zai tsaya a gurbin waɗannan ukun ba.

Sai dai ki fara yarda da shi cewa gajiyar nan ta gaskiya ce. Sertraline na rage wa mutane da yawa sha'awar iyali, kuma kin san mazanmu, gara ya ce maganin na sa shi ciwon kai da ya buɗe baki ya faɗi wannan. Gabapentin na sa jiri da nauyin jiki, wani ma ya yi ta ƙiba. Clonazepam kuwa sai mutum ya tashi da safe kansa a daskare, ya manta inda ya ajiye makulli, ya manta abin da aka gaya masa jiya. Kuma ba shi kaɗai ya ga an cika ɗura wa sojoji ƙwayoyi ba. Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wato VA, ita da kanta ta ƙaddamar da shirin rage bayar da magungunan kashe zafi dangin ofiyom a 2013. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan haɗa irin waɗannan da dangin clonazepam, saboda haɗin na iya tsayar da numfashi. Ƙa'idar da VA da Ma'aikatar Tsaro suka fitar a 2023 kan ciwon firgici, wanda ake kira PTSD, ta ce kada a yi amfani da dangin clonazepam wajen maganinsa. Wato idan ya ce yana son rabuwa da ƙwayar daren nan, yana da hujja mai ƙarfi a hannunsa.

Matsalar ita ce wannan ƙwayar ta fi duka haɗari idan aka yanke ta rana ɗaya. Jiki ya saba da ita. An taɓa kawo mana wani magidanci, shi ma tsohon soja, wanda ya zubar da nasa a masai don ya sayi kwalbar CBD. Matarsa ta ce kwanakin farko har murna yake yi, wai ya 'yantu. Daga nan barci ya ƙaurace masa, hannu ya fara rawa, gumi ya jiƙa zanin gado, sai da ya faɗi a kicin yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Da na shiga ɗakin da aka kwantar da shi, gefen harshensa a tsage yake inda ya cije, matar tana zaune riƙe da kwalbar a cikin leda tana tambayata ko man ne ya yi masa haka. Ba man ba ne, yankewar ce. Shi ma sertraline in aka tsayar da shi kwatsam yana kawo jiri da fushi da wani abu kamar wutar lantarki a ka, sannan bayan makonni damuwar ta dawo. Don an ga hadari ba a zubar da ruwan tulu.

To mene ne shi CBD ɗin? Sinadari ne daga cikin waɗanda ke jikin tsiron wiwi. Wanda ke bugarwa sunansa THC, shi CBD ba ya sa maye. A Disamba 2018 Amurka ta yi dokar noma da ta cire wani nau'in wiwi, wanda suke kira hemp, daga jerin haramtattun ƙwayoyi, muddin THC ɗinsa bai wuce 0.3 cikin 100 ba. Tun daga lokacin kasuwa ta buɗe, shi ya sa kike ganinsa a gidan mai da shagon taba da intanet, mai da alawa da man shafawa har da na karnuka. Amma halatta noma daban, tabbatar da magani daban. Maganin CBD ɗaya FDA ta amince da shi, Epidiolex, a Yunin 2018, kuma na wasu nau'o'in farfaɗiya ne masu tsanani da ke kama yara tun suna ƙanana. Bai shafi firgici ko ciwon baya ba.

Ban ce babu komai a cikinsa ba. A 2011 an yi wani ƙaramin gwaji a Barazil da masu tsananin tsoron magana a bainar jama'a, aka ba wasu miligiram 600 kafin su yi jawabi, fargabarsu ta ragu. Ki riƙe wannan adadin. Kwalbar da aka fi sayarwa mililita 30 ce mai ɗauke da miligiram 1000, wato kowane cikin matsi na mililita ɗaya kusan miligiram 33. Kafin maigidanki ya kai abin da aka bai wa mutanen Barazil sai ya shanye fiye da rabin kwalba a zama ɗaya. Alawar kuwa yawanci miligiram 10 zuwa 25 ce kowace ɗaya. Masu talla suna ɗauko sakamakon babban adadi su liƙa a kan ƙaramin, wannan ne ke ɓata mini rai, domin mutanen da suke sayar wa sun riga sun sha wuya.

Da aka gwada a kan sojojin kansu fa? A 2021 an wallafa sakamakon gwajin da aka yi da tsofaffin sojoji kusan 80 masu PTSD. An raba su, wasu aka ba su wiwi mai yawan THC, wasu mai yawan CBD, wasu haɗin biyun, wasu kuma wanda aka cire wa sinadaran. Bayan makonni uku kowane rukuni ya ce ya sami sauƙi, har da waɗanda aka ba wa holoƙo, kuma babu wanda ya fi holoƙon a zahiri. Ciwon baya ma haka. A Ostareliya an bai wa mutum 100 da suka zo asibiti da ciwon baya ko dai miligiram 400 na CBD ko maganin da babu komai a ciki, ba a ga bambanci ba. Shi ya sa ƙa'idar nan ta 2023 da ta ce a guji clonazepam ta kuma ce kada a yi maganin PTSD da wiwi ko abin da aka tatso daga gare shi.

Ƙanena ya sha. Da sanin likitarsa ya sha, kuma ya ce yana taimaka masa ya yi barci da wuri, ni kuma ban musa masa ba don shi ke cikin jikinsa. Amma mafarkin bai daina ba. Ya ci gaba da zabura cikin dare yana lalube, in mun je cin abinci sai ya zaɓi kujerar da bayansa ke jikin bango idonsa na kan ƙofa, daren huɗu ga Yuli da ake wasan wuta kuwa a banɗaki yake kwana da abin toshe kunne. Abin da ya sauya shi zama ne da ƙwararriyar da ta sa shi ya riƙa ba da labarin ranar da abin ya faru, yana maimaitawa mako bayan mako, har labarin ya daina kayar da shi. Zaman yana da zafi, akwai ranar da ya fito ya ce ba zai koma ba, amma ya koma. Irin wannan jinya ta magana iri uku ce aka fi tabbatarwa, a takardun asibiti za ki ga an rubuta PE ko CPT ko EMDR, yawanci zama 8 zuwa 16, kuma ƙa'idar ta fifita su a kan ƙwayoyi. Aka ƙara masa prazosin saboda mafarki, aka yi ta rage masa ƙwayar dare kaɗan-kaɗan tsawon watanni har ya rabu da ita. Da a gida ne da an ce iska ce ta taɓa shi, kuma mu ma ba mu bar addu'a ba, mahaifiyarmu ba ta taɓa fasa yi masa tofi ta waya ba. Ba mu ga inda ɗaya ya hana ɗaya ba.

Idan duk da haka yana son ya gwada, ga abin da ya kamata ku sani. Abin da aka rubuta a kwalba ba lallai ne shi ke ciki ba. A 2017 masu bincike sun sayi kayan CBD iri 84 a intanet suka auna, kusan kashi 31 cikin 100 ne kawai suka dace da rubutun jikinsu, kuma an sami THC a cikin iri 18 daga cikinsu. Don haka kada a sayi wanda ba shi da takardar gwaji daga wani ɗakin bincike mai zaman kansa, kuma a duba lambar da ke kan takardar ta yi daidai da ta jikin kwalbar. Duk wanda aka rubuta delta-8 a kansa a bar shi a kanta, wannan yana bugarwa. Ki kuma karanta kayan haɗin, wasu alawoyin da gelatin na alade ake yin su, wasu ruwan kuma da barasa ake jiƙa su. Hukuncin shi kansa CBD ɗin ku tambayi malamin da kuka amince da shi, ku gaya masa cewa akwai mai ɗan THC akwai kuma wanda aka tace.

Sannan hanta ce ke sarrafa CBD, ta hanyoyin da take sarrafa magunguna da yawa, sai ya tare musu hanya su taru a jini fiye da yadda likita ya lissafa. Mai shan warfarin na tsinka jini yana iya fara zubar jini. Wasu magungunan damuwa suna ƙara ƙarfi. A kan gabapentin da clonazepam kuwa barci ne kan barci, ga mutum yana tuƙi. Babban adadi yana iya taɓa hantar kanta, shi ya sa masu shan Epidiolex ake yi musu gwajin jini. A Ingila hukumar kula da abinci ta rage abin da take ba da shawarar lafiyayyen babba ya sha a rana daga miligiram 70 zuwa 10 a 2023.

Ba ki faɗi sana'arsa ba, amma 'yan uwanmu da yawa bayan sun ajiye kaki tirela suke ja. Ma'aikatar Sufuri ta fito fili a 2020 ta ce idan gwajin fitsari ya nuna THC, cewa “CBD na sha” ba uzuri ba ne. Na san wanda aka sauke daga mota saboda haka, yana rantsuwa bai taɓa busa wiwi ba a rayuwarsa, kuma na gaskata shi, amma takarda ta riga ta fita. Idan kuma har yanzu yana cikin sojojin ko-ta-kwana ko rundunar tsaron jiha, ya sani Ma'aikatar Tsaro ta hana sojojinta kayan hemp, har da CBD, tun 2020. In za ku je gida ko Umara, kada kwalbar ta shiga jaka. A Najeriya wiwi haramun ne a doka, jami'in NDLEA a filin jirgi ba zai tsaya sauraron bayanin 0.3 ba, Saudiyya da Dubai kuwa sun fi tsanani.

Da yawansu suna ɓoye wa likita don tsoron a yanke musu haƙƙinsu. Ki kwantar masa da hankali. Tsarin VA ya ce ba a hana tsohon soja kulawa ko kuɗinsa don ya faɗi yana amfani da wiwi, balle CBD. Likitocinsu ba za su rubuta masa shi ba, ba za su biya kuɗinsa ba, amma an umarce su su tattauna da shi su rubuta a fayil don a daidaita sauran magungunan.

Akwai maganar da ba ki tambaya ba, amma ba zan iya rufe wannan amsa ban faɗa ba. Tsofaffin sojoji fiye da 6,000 ne ke kashe kansu duk shekara a ƙasar nan, kusan 17 a rana, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 da bindiga. Lokacin da ake sauya magani ko rage shi lokaci ne na sa ido sosai. Idan akwai bindiga a gidan, ku yi magana cikin lalama a kulle ta, harsashi a wani wuri daban, VA na bayar da makullin kyauta. Idan kin ji yana cewa ya zame muku kaya, ko ya fara rabar da abubuwan da yake ji da su, ki kira layin agajin gaggawa na 988 ki danna 1, wato ɓangaren tsofaffin sojoji. Ke ma kina iya kira a madadinsa, dare ko rana.

Ki nemi ya yarda ki raka shi ganin likita na gaba. Ku zuba duk kwalaben magungunansa a leda ɗaya ku tafi da su, ta CBD kuwa ku ɗauki hotonta gaba da baya a waya. Kafin ku fita ya rubuta a takarda abin da kowace ƙwaya ke yi masa, har da wanda yake jin nauyin faɗa, in ya so ya miƙa takardar kawai. Ya ce yana son tsarin rage clonazepam a rubuce, yana son a tura shi jinyar magana, yana son masu gashin ƙashi su duba bayansa, sannan ya kawo maganar CBD. Idan likitan bai saurare shi ba, yana da damar neman a sauya masa wani. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri.