Daɓen katako mai hawa-hawa: me zan duba kafin in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ginin gidana ya zo ƙarshe, har an zuba simintin ƙasa. Ina son daɓen katako a falo da ɗakunan kwana, sai aka ce in ɗauki irin wanda ake haɗawa hawa-hawa a masana'anta maimakon katako zalla. Samfuran da aka nuna mini duk kamarsu ɗaya a ido. Yaya zan gane na ƙwarai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a.

Shawarar da aka ba ka tana kan hanya. Katako zalla yana shan danshi ya kumbura, iska ta bushe ya tsuke, ka ga baki ya buɗe tsakanin falanki da falanki. Shi kuwa wannan an manne shi ne hawa-hawa, kowane hawa jijiyarsa ta gitta ta na ƙarƙashinsa, sai su riƙe juna. Ba sabon abu ba ne, tun 1941 kamfanin Kährs na Sweden ya yi rajistar wannan fasaha.

Fuskar falanki ba za ta gaya maka komai ba. Juya shi ka dubi gefensa, inda aka yanka. Hawan sama shi ne itace na gaske, kuma kaurinsa ne tsawon ran daɓen. Akwai wanda bai kai milimita 1 ba, akwai mai milimita 6. Duk lokacin da aka goge daɓe da injin samfefa don sabunta shi, ana cinye rabin milimita zuwa milimita 1. Ke nan wanda bai kai milimita 2 ba, in ya karce ya karce. Ni a falo ba na yarda da ƙasa da milimita 3, in da hali 4. Kada jimillar kauri ta ruɗe ka: falanki mai milimita 15 yana iya zuwa da fata siririya a sama.

Sai cikin. Filawud mai hawa da yawa, wanda ba ka ganin rami ko gurbi a tsakaninsa, ya fi jure danshi. Na garin katako da aka matse yana da santsin aiki, amma ruwa na shiga bakinsa zai kumbura, kuma ba ya komawa. Ka kuma lura kada a haɗa ka da laminet. Shi hoton itace ne aka buga aka rufe da roba. Jera falanki goma, in ka ga ƙulli iri ɗaya ya maimaitu, hoto ne.

Nau'in itace ba sai an daɗe a kansa ba. Farin oak yana da 1,360 a ma'aunin tauri na Janka, baƙin walnut 1,010. Gida mai yara, oak. Launi mai duhu da sheƙi kuwa yana tona asirin ƙura da kowane karce. Wajen abin da ake shafa wa fuskar falanki, wanda aka shafa wa mai ana iya gyara inda ya lalace kaɗai, sai dai yana son a riƙa sabunta man. Mai banish ba ya son hidima, amma gyaransa sai an goge ɗakin duka.

To, ga inda na fi so ka buɗe kunne, tunda gidan sabo ne. Abin da ya fi kashe irin wannan daɓe ba rashin ingancin katako ba ne, ɗanyen siminti ne. Sama ta yi fari fat, ciki kuwa ruwa ne. Lissafin magina shi ne kusan milimita 1 ke bushewa a rana, wato shafen siminti mai milimita 50 yana son wajen wata biyu, mai kauri ya fi haka nesa. Kada ka yarda da "ai ya bushe" na baki, a auna da na'urar gwajin danshi. Kafin nan kana iya manna leda a ƙasa, ka liƙe gefunanta, ka bar ta kwana biyu: in ta yi gumi ko wurin ya yi duhu, da saura. Rashin gumi dai ba ya wadatarwa. A kuma ɗora dogon ma'auni miƙaƙƙe a ƙasa, kada tudu da kwari su wuce milimita 3 a tsawon mita 2, in ba haka ba daɓen zai riƙa ƙara yana lotsawa.

Katako shi ne baƙon ƙarshe: sai an gama filasta da fenti, an sa tagogi. A ajiye kwalayen a kwance cikin ɗakin aƙalla awa 48. Mai aikin ya bar tazarar milimita 10 zuwa 15 a jikin bango, katakon gindin bango zai rufe ta. Mannewa da gam ya fi daɗin taku, shimfiɗawa a kan soso ya fi sauri da sauƙin cirewa, amma dole a sa shingen danshi a ƙasa. Banɗaki kam a bar wa tayil.

Wajen saye ka ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari saboda yanka, ka duba alamar E1 ta ƙarancin sinadarin fomaldehaid a jikin kwali, kuma ka ɓoye kwali ɗaya na wannan zubin, don launin zubi na gaba ba lallai ya zo daidai ba.