Zan iya mayar da shari'ar filinmu Babbar Kotun Tarayya?

Tambaya: Barista, Babbar Kotun Jihar Kano ta ba wa wani filin da mahaifinmu ya bar mana, yau sati bakwai ke nan. Wani mutum a bakin kotu ya ce in kawo kuɗi ya mayar da shari'ar Babbar Kotun Tarayya, wai ita ce sama da ta jiha. Barci ya gagare ni. Me zan yi?

Amsa: Malam, kada ka ba shi ko sisi. Wannan magana kullum sai na ji ta, kuma ta cinye filayen mutane da yawa.

Babbar Kotun Tarayya ba ta fi ta jiha ba. Matakinsu ɗaya, kuma ɗayarsu ba ta da hurumin soke hukuncin ɗaya. Daga kowacce, Kotun Ɗaukaka Ƙara ake zuwa, daga nan sai Kotun Ƙoli. Sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa abin da ta Tarayya ke saurare: harajin gwamnatin tarayya, kwastan, kamfanoni, ma'adinai, sufurin jiragen sama da makamantansu. Mallakar fili ba ya ciki. Dokar Filaye ta 1978, a sashe na 39, ta miƙa rikicin filin da ke da takardar mallaka ta gwamna ga Babbar Kotun Jiha.

Mutane na jin kalmar "tarayya" sai su ɗauka duk abin da ya fito daga Abuja ya fi ƙarfi. Ko Sarkin Muri da aka tuɓe ya kai gwamnatin tsohuwar jihar Gongola ƙara a Babbar Kotun Tarayya, a 1989 Kotun Ƙoli ta ce batun sarauta ba hurumin Babbar Kotun Tarayya ba ne. In sarki bai samu ba, kai da filinka fa? Hukuncin kotun da ba ta da hurumi banza ne, ko an shekara goma ana yi, kuma abokin shari'arka na iya tayar da maganar har a Kotun Ƙoli.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne lokaci. Wata uku doka ta ba ka ka ɗaukaka ƙara a kan hukuncin ƙarshe. Waɗannan dillalan bakin kotu, marasa tsoron Allah, sai su yi ta jan mutum da "gobe, jibi" har wa'adin ya wuce, a koma roƙon ƙarin lokaci, wanda kotu ba dole ne ta bayar ba. Dukiyar marayu suke ci, kuma za su amsa.

Ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi daga rajistaran kotu, ka kai wa lauya na gaske a satin nan ya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, ya kuma nemi a dakatar da aiwatar da hukuncin kafin wancan ya fara gini.