Mun canza masauki, saƙonni sun daina zuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a nan Tawa, muna lodin ta Galmi zuwa Abijan da Akara. Shekara uku ke nan da ɗana ya buɗe mana shafin intanet da imel mai sunan kamfaninmu. Ranar Litinin muka bar kamfanin da ke ajiye mana shafin, muka koma wani mai sauƙin kuɗi. Tun daga nan abu ya rikice. A wayata sabon shafin ke fitowa, a kwamfutar ofis kuma tsohon, sannan ko saƙo ɗaya bai shigo ba, alhali abokin cinikina na Abijan ya rantse sau biyu yana aiko oda. Wani mai gyara ya ce rezo ne, in ba shi jika talatin ya sake mana akwatin wifi. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mayar da kuɗinka aljihu. Rezon da ya iya buɗe maka tsohon shafi lafiyarsa ƙalau. Ciwon yana can wurin da ake kira DNS, kuma da wayar da ke hannunka za ka gano shi, ba tare da ka kashe ko dala ba.

Na'ura ba ta san suna ba, lamba ta sani, wato adireshin IP, irin su 8.8.8.8. Aikin DNS, tun da Paul Mockapetris ya tsara shi a 1983, shi ne a ba shi suna ya faɗi lamba. Ka ɗauke shi kamar ɗan kabu-kabu da ya saba kai baƙi gidanka. Ka tashi daga unguwa, amma shi bai ji labari ba tukuna, sai ya yi ta sauke mutane a tsohuwar ƙofa. Kowane bayani a DNS yana da wa'adin da aka yarda a riƙe shi kafin a sake tambaya, ana ce masa TTL, da daƙiƙa ake lissafa shi: 3600 awa ɗaya, 86400 kwana guda. Wayarka ta riga ta sake tambaya, ta ofis ba ta yi ba. Ina ma zaton kafin amsar nan ta iso Tawa wannan rabin ya warware da kansa, don da wuya ya wuce kwana biyu.

In kana son tabbaci, shiga dnschecker.org ko whatsmydns.net, ka rubuta sunan shafinka, ka zaɓi harafin A. Za su tambayi sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan intanet, a ƙasashe daban-daban su jera maka amsar kowace. Gwada lambar da ta fito da wadda sabon kamfanin ya ba ku. In ita ce ko'ina, sai ɗanka ya buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a kwamfutar ofis ya rubuta ipconfig /flushdns, ya kashe akwatin wifi ya kunna.

Maganar saƙonni ita ta fi damuna, domin ita jira ba ya gyara ta. Shafi da imel suna ɗaya suke amsawa, amma hanyarsu daban. A cikin bayanan DNS, layin A shi ne gidan, layin MX kuma akwatinka ne na gidan waya. Wanda ya tashi daga gida ai ba a ɗauko masa akwatin wasiƙa a biyo shi da shi. Sau da yawa sabon kamfani yakan shimfiɗa nasa layukan, tsohon MX ya ɓace ba wanda ya lura. Ni kaina na taɓa yin wannan ɓarnar ga wata ƙungiya a nan Yamai. Kwana uku ina zagin rezo, ashe laifina ne.

Je ka mxtoolbox.com, ka rubuta abin da ke bayan alamar @ a imel ɗinka. In MX na nuna tsohon kamfani, odar mutumin Abijan na nan kwance a tsohon akwati, don haka kada ka rufe wancan asusun sai kun kwashe komai. In yana nuna sabon, to wataƙila ba a buɗe muku akwati a can ba, kuma saƙon ya koma wa mai shi da lamba 550. Roƙe shi ya duba ya turo maka hotonsa ta WhatsApp, dalilin yana rubuce a ciki. In kuwa sabar ce ba ta amsawa, akwai sauran dama, don sabar mai aikawa takan yi ta gwadawa kwana huɗu zuwa biyar kafin ta haƙura.

Tun da ka shiga, duba layin TXT da ya fara da v=spf1. Shi ke shaida wace saba ce aka yarda ta aika saƙo da sunanku. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke buƙatar wannan shaida ko ta DKIM, wato sa hannun da saba ke yi wa saƙo, daga duk mai aiko masa, in babu, amsarka na iya faɗawa cikin shara ko a mayar maka da ita.

Abu biyu kuma, Alhaji. Waɗannan shafuka ba sa buƙatar kalmar sirrinka, bayanan DNS a fili suke. Duk wanda ya nemi ka rubuta ta, fita. Sannan ka nemi binciken whois, mai nuna bayanan rajistar sunan shafi, ka ga ranar da rajistar sunan za ta ƙare, ka kuma tambayi ɗanka da imel ɗin wa aka yi ta. Na ga 'yan kasuwa da dama da sunan kamfaninsu ke hannun wani yaron da ya daɗe da tafiya Agadas, lambarsa ma ba ta shiga.