Alƙawarin rage haraji: wa ke da ikon cika shi?

Tambaya: Malam, sana'ata albasa a nan Sakkwato, nakan yi lodi zuwa Kudu. Duk lokacin yaƙin neman zaɓe, kowace jam'iyya sai ta ce za ta rage haraji kuma ta gina hanyoyi. Da me talaka zai auna maganarsu?

Amsa: Alhaji, fara da duba kujerar da mutum yake nema. Harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, da na kamfanoni suna hannun tarayya, ba sa motsi sai majalisa ta gyara doka. Ta haka aka ɗaga VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a 2020. Harajin albashi jiha ke karɓa, kuɗin rumfa da tikitin kasuwa kuwa na ƙaramar hukuma ne. Ɗan takarar gwamnan da ya ce zai soke VAT, kyauta ya yi maka da akuyar wani.

Sai ka tambayi inda kuɗin zai fito. Jiharmu galibin abin da take kashewa kason Abuja ne. Wanda zai rage shiga ya ƙara fita, bashi zai ciyo, ko da bai faɗa ba.

Zaɓen 2023 ya ishe mu misali. Tinubu na APC da Atiku na PDP da Peter Obi na LP, dukkansu sun ce za su cire tallafin man fetur, don haka a nan bakinsu ɗaya. Bambancin yana wajen yadda za a cire da abin da za a mayar wa mutane. Atiku ya yi maganar sayar da matatun mai da asusun dala biliyan 10 na ƙananan 'yan kasuwa. Tinubu ya sanar da cire tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500. Ba wanda ya kira shi haraji, amma kai da ke biyan tirela ka san daga aljihun wa ya fita.

Dokar haraji ta 2025 ta yafe wa mai samun naira 800,000 zuwa ƙasa a shekara harajin kuɗin shigarsa. Alheri ne, sai dai ni a ganina ba nan ciwonka yake ba. In ɗan takara ya shigo kasuwa, tambaye shi shingaye nawa ake karɓar kuɗi tsakanin Sakkwato da Legas, kuma wanne daga cikinsu kujerarsa za ta iya cirewa.