Alamar da ls ke sa wa sunayen fayil ba lalacewa ba ce

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka sabunta Linux a kwamfutar shagonku na Ƙofar Ƙaura, umarnin ls, mai jera sunayen fayiloli, ke nuna wasu sunaye cikin alamar zance, kamar 'babi na daya.docx', kana tsoron ko sun canja. Kwantar da hankalinka, ba abin da ya taɓa su. Masu kula da GNU coreutils, tarin ƙananan manhajojin da ls da cp da sort ke ciki, da gangan suka kawo wannan tun sigar 8.25 a shekarar 2016: duk sunan da ke da gurbi ko wata baƙuwar alama, ls zai kewaye shi. In ba ka so, rubuta ls -N, ko ka sa export QUOTING_STYLE=literal a cikin .bashrc, fayil ɗin saitin wurin rubuta umarni, shi ke nan.

Amma ni shawarata ka bar shi. Ɗaliban da ke kawo mini aikin bugu a filashi, sunayen fayilolinsu cike suke da gurbi, wani ma har a ƙarshen suna yake barinsa, inda ido ba ya gani. Alamar nan ce ke tona shi, kuma kana iya kwafar sunan yadda yake ka liƙa wa cp (umarnin kwafa) ko mv (umarnin matsar da fayil) ba tare da ya rabu biyu ba. A allo kawai yake yin haka fa. In ka tura sakamakon zuwa grep (umarnin neman kalma) ko cikin wani fayil, sunayen zalla za su fito, tsofaffin umarnin da ka tsara ba za su sami matsala ba.